Mutumin da Ya Shiga Jirgi Don Ya Ga Inda Birki Ke Mutuwa

Kafin masu kifi su gama baje kwandunansu a tashar jiragen ruwa ta Yelwa, Baba Ɗahiru ya riga ya iso rumfarsa. Rumfa ce ta kwano huɗu a gindin darbejiya, ba allo, ba suna, ba ko lambar waya da aka rubuta da gawayi. Yakan jingina kekensa a jikin bishiyar. E, keke. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana gyaran birkin babur bai taɓa mallakar babur ba, in an tsokane shi sai ya ce ya san abin da ke cikinsu ne shi ya sa. Ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da sifanoninsa ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kwalbar man birki wajen haske ya duba launinta, ya tabbatar murfinta a rufe yake gam. Sannan ya zauna da kokonsa yana sauraren babura na saukowa gangaren tasha. Da kunne yake fara aiki. Wani zai taka birki can nesa, sai ka ji Baba ya ce da mai kokon, "Wancan takalman birkinsa sun cinye, jibi za ki gan shi nan." Jibin kuwa sai ga shi.

Abu biyu suka sa wasu ke gudun rumfar nan. Na farko tambaya. Kai jama'a, Baba Ɗahiru akwai tambaya! Ka zo da sauri kana son a ɗaure maka waya ka wuce, shi kuwa sai ya ji ina ka je, me ka ɗauko, da safe abin ya fara ko da rana, ka ratsa ruwa ko ba ka ratsa ba. 'Yan acaba suka sa masa Baba Tambaya, ya ji, bai damu ba, sai ma ya tambaye su wa ya fara faɗa. Na biyu kuwa, ba ya gyara maka kana tsaye kana latsa waya. Zai nuna maka dutse ya ce, "Zauna nan. Hannunka za ya yi." Ya miƙa maka sifana, ya tsaya a kanka yana faɗa kana yi. Ba shi da yaran shago, bai taɓa nema ba. Mai babur shi ne hannunsa na biyu, don a cewarsa ranar da birki zai ci amanarka ba a gindin darbejiyar nan zai yi ba.

Yawancin baburan da ke zuwa masa na waya ne, ka matsa hannu waya ta ja takalmi. Waɗannan ba su da wani sirri. Amma akwai masu faifai a tayar gaba, waɗanda ke aiki da mai. Ɗan kofi ne a saman kan babur kusa da hannun dama, siririn tiyo ya sauko daga nan har taya. Ka matsa hannun birki, mai ya tura takalma su cafke faifan. Irin wannan babur Susan ta turo masa wata safiyar Alhamis shekara uku da suka wuce, lokacin damina ta ja baya tafki ya cika fal.

Susan ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a garin. Duk Laraba takan ɗora babur a jirgi ta ƙetare ruwa, ta hau ta zaga ƙauyuka uku na masunta da akwatin rigakafi a bayanta, ta yi wa jarirai allura, ta yi wa mata awon ciki. Mafi nisansu Tungar Lelle, kuma kafin ka shiga garin sai ka sauka wani gangare mai tsakuwa wanda ya ƙare a bakin rafi. A gangaren nan ta faɗi sau biyu cikin wata ɗaya. A na biyun akwatin ya buɗe, kwalabe suka tarwatse, yara ashirin da wani abu suka koma gida ba allura. Ranar da ta zo wurin Baba gwiwarta a naɗe take da bandeji, tana ɗingishi.

Baba ya matsa hannun birkin. Tauri kamar ƙarfe. Ya sake matsawa, ya tura babur ya cafke, taya ta tsaya cak.

"Ɗiyata, mi ya same shi? Wanga birki ai lafiyarsa lau."

Sai ta fashe da kuka. Ba ta yi niyya ba. Ta ce abin da kowa ke faɗa ke nan. A ƙetare in ta matsa hannun sai ya tafi har ya taɓa robar mariƙin babur, laushi kamar ta matsa soso, babu abin da ya kama. In ta dawo gari babur ya kwana a tsaye, da safe sai ya koma daidai. Oga Hammadu, wanda ke kula da ma'aikatan asibitin, ya matsa shi a gaban kowa ya ce, "Susan, ga birki garau. Ki dai ce babur ɗin ya fi ƙarfinki." Ya ce zuwa ƙarshen wata in ta sake faɗuwa zai karɓi makulli, zagayen Laraba ya tsaya. Ba wata mace a asibitin da ke hawa babur, matan ƙetare kuwa ba za su kwanta wa namiji ya auna cikinsu ba. Ciwon gwiwar bai dame ta ba kamar yadda aka mayar da ita maƙaryaciya.

Da wani bakanike ne, da ya ɗaure noti biyu ya ce an gyara, ta tafi. Baba Ɗahiru kuwa ajiye kokonsa ya yi, idonsa na ƙyalli. Birkin da ke mutuwa a ƙetare ya farfaɗo a gida! Bai taɓa jin irinsa ba, kuma abin ya yi masa daɗi har ya kasa ɓoyewa. Tambayoyi suka fara zuba. Da kin sauka jirgi yake yi ko sai kin yi tafiya? Da na sauka. Ranar da kika bi ta hanyar mota zuwa Shanga ya yi? Bai yi ba. Ruwa na taɓa shi a jirgi? Ko ɗigo. Rana na dukansa? Kamar yadda take dukan kowa. Ya buɗe kofin ya ga mai ya ɗan yi ƙasa da layi, amma ba wani ƙasa na tashin hankali ba. Ya bi tiyon da yatsa tun daga sama har ƙasa, ba tsagewa, ba jiƙa. Ya zauna yana kallon tafki.

Masu jirgi suna da tasu amsar tun tuni. Tamada, mai jirgin da ke ƙetarar da Susan, ya ce shi ya sha gani, duk babur mai faifai haka yake yi, ruwa ne ke shanye masa ƙarfi. Wasu ma kan jefa ɓarin goro a tafki kafin a ɗora irin wannan babur. Baba ya saurare shi da kyau, bai yi dariya ba. Ya ce, "To in ruwa ke sha, don mi ba ya shan na waya?" Tamada ya ce wannan kuma sai a tambayi ruwan.

"Haka za a yi," in ji Baba. "Laraba da ni za a tafi."

Duk wanda ke tashar ya juyo ya dube shi. Kowa ya san Baba Ɗahiru mutumin tudu ne, ɗan manoman gero, kuma tsoron ruwa yake kamar me. Shekara talatin yana zaune taku hamsin daga bakin tafki bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba. Ko bikin 'yar ƙaninsa da aka yi a ƙetare, kewayawa ya yi ta mota ya ɓata yini guda a hanya. Mai koko ta ce, "Baba, kai ɗin?" Ya ce shi ɗin, ta daina tambaya, tambaya tasa ce.

Laraba ya zo da rigar ceto biyu, ya sa ɗaya a kan ɗaya, 'yan tasha suna ta shewa. Tamada da wasu fasinjoji biyu suka ɗaga babur suka shigar da shi, suka kwantar da shi a gefen dama a tsakiyar jirgi kamar yadda ake yi wa kowane babur, don kada ya rinjayi jirgin. Aka tara buhunan gari da jarkoki a kewayensa. Baba ya zauna a ƙasan jirgin ya ƙanƙame katako da hannu biyu, bakinsa na motsi da addu'a. Da aka bar gaɓa ya rufe ido. Susan ta ji tausayinsa har ta yi da-na-sanin kawo masa kukanta.

Sun kai tsakiya inda ruwa ke kaɗawa sosai sai ya ji wani ɗan sauti kusa da ƙafarsa. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Kunnen ya fi ƙarfin tsoron, ya buɗe ido ɗaya. Bakin hannun birkin ne ya tokari katakon da ya gitta jirgin. Duk igiyar ruwa da ta ɗaga su sai nauyin babur ya danna hannun, in ta sauke su ya saki. Danna, saki. Danna, saki. Ɗan kofin man kuma ga shi a kishingiɗe, mai ya kwaranya gefe ɗaya, ramin da ke zuƙar mai ya koma yana zuƙar iska. Ashe tun daga Yelwa har ƙetare jirgin ne ke ta ɗura wa birkin iska da kansa.

Baba ya miƙe tsaye zumbur. "Ga shi! Wallahi ga shi!"

Jirgi ya yi tangal-tangal, mata suka sa salati, Tamada ya daka masa tsawa daga wurin inji, "Malam, zauna! Za ka kifar da mu!" Ya zauna, amma ya manta da katakon da ya ƙanƙame. Yatsansa yake lanƙwasawa yana ƙirga dannawar. Kafin su taɓa gaɓa ya wuce ɗari biyu.

Aka sauke babur aka tsayar. Susan ta matsa hannun, ya tafi luɓus har roba. Ta dubi Baba, ta dubi fasinjojin da suka kewaye su, ta ce kowa ya zo ya matsa. Suka matsa ɗaya bayan ɗaya. Dariya take, hawaye na zuba, don yau dai an gani.

"Iska ce ta shiga, ɗiyata. In ya kwana tsaye sai ta hau sama ta koma kofi, shi ya sa ogan naku bai taɓa kama ta ba. Yanzu zauna. Ke za ki kore ta."

Ya zazzage jakarsa: sifana mai lamba takwas, sukundireba, sabuwar kwalbar mai, gorar ruwa da aka yanke. Sai ya dafe kai. Garin sa rigar ceto ya bar siririyar robar da yake amfani da ita a rumfa. Susan ta tambayi wace iri, ya kwatanta, sai ta buɗe jakarta ta zaro robar ƙarin ruwa wadda kwananta ya wuce ta ce ko wannan za ta yi. Ya juya ta a hannu, ya ɗaga ta wajen rana. Fara tas, ana ganin komai a ciki. Ya ce tun da yake bai taɓa riƙe wadda ta kai ta ba.

Ya sa ta goge kewayen kofin kafin ta buɗe, don kada ƙwayar yashi ta faɗa. Ta cika mai zuwa layi. Ya nuna mata ɗan notin da ke jikin birkin a wajen taya, mai rami a tsakiya da 'yar hular roba. Ta cire hular, ta sa sifana, ta cusa bakin robar a kan notin, ɗaya bakin ta nutsar da shi cikin ɗan mai a gindin gorar. Tamada aka ba hannun birki.

"Matsa sau biyar a hankali. Yawwa. Riƙe, kada ka saki. Ke kuma buɗe notin kaɗan, kwata kawai."

Mai ya biyo robar, baƙi-baƙi, da ƙwayoyin iska a jere suna bin juna. Hannun ya nitse a yatsun Tamada.

"Rufe. Kin rufe? To yanzu ka saki. In ka saki kafin ta rufe, iskar da munka kora ita za ka sake zuƙowa."

Susan ta tsura wa robar ido, sai ta ce, "Baba, ai wannan aikinmu ne. Kafin mu ɗaura wa mutum ruwa sai mun kori iskar da ke cikin roba. Allura ma sai mun ɗan ƙwanƙwasa ta."

Shi ke nan, aiki ya tsaya. Baba ya gyara zama a kan yashi. Don me kuke ƙwanƙwasawa? In iskar ta shiga jiki me take yi? Ta ina take tsayawa? Tamada na riƙe da hannun birki yana cewa yatsunsa sun sage, ba wanda ya kula shi. Susan ta ɗauko sirinji marar allura ta zuƙo ruwa, ta toshe bakin da yatsa ta ce Baba ya danna. Ya danna, ko motsi. Ta zubar ta zuƙo iska ta sake toshewa. Ya danna, ya tafi sumul har rabi. Dattijon nan ya yi ta dannawa yana saki, yana dariya shi kaɗai. Shekara talatin yana gaya wa mutane iska na kashe birki suna gyaɗa kai ba su gane ba, yau ga abin a tafin hannunsa. Ya roƙi sirinjin. Tun daga ranar yana cikin akwatinsa, duk wanda ya zo sai an ba shi ya danna.

Suka koma aiki. Matsa, riƙe, buɗe, rufe, saki. Bayan kowane zagaye uku ya sa ta leƙa kofin ta ƙara mai, don in ya ƙafe an koma farko. Ya hana ta barin ɗigo ya taɓa faifai ko takalma, wanda ya zuba a fenti kuma ya sa ta wanke da ruwa nan take. Da Tamada ya ce in man ya ƙare yana da na inji a jirgi, Baba ya yi masa wani kallo ya ce wannan shi ke kumbura robobin ciki ya kashe birki gaba ɗaya, a duba abin da aka rubuta a murfin kofi, shi kaɗai ake zubawa. A zagaye na tara mai ya fito fes, ba ƙwayar iska ko ɗaya. Ta ɗaure notin, ta mayar da hula, ta rufe kofi. Ta matsa. Hannun ya tsaya a rabi ya ƙi gaba. Ya sa ta tura babur da ƙafa ta kama sau uku kafin ya bari ta hau.

Tana can zagayenta shi yana zaune a inuwar jirgi yana tunanin yadda za a hana. Tsayar da babur a jirgi ba zai yiwu ba, Tamada ya rantse. Sai ya tuna in hannun birki na matse, ramin nan a toshe yake, ba abin da ke shiga. Ya nemi tsohon tif na cikin taya ya yanko siririn zare na roba. Da za su koma ya matse hannun ya naɗe shi da robar kafin a kwantar. Suka isa Yelwa, aka kwance, birki garau. Da wani ne, da ya ce an gama. Baba kuwa ya ce sau ɗaya ba shaida ba ce, ƙila sa'a ce. Mutumin da ke kewaya tafki da mota ya sake ƙetarewa sau biyu a makon nan, sau ɗaya da roba sau ɗaya babu, don kawai ya tabbata. Duk tasha shaida ce, har yau ana ba da labarin rigunan ceto biyu.

Sannan ya aika aka kira Oga Hammadu. Ya rage man kofin zuwa inda ya same shi ranar farko, ya kwantar da babur a gaban rumfa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsuguna ka yi ta matsawa, kai ne igiyar ruwa." Oga ya tsuguna da farar rigarsa ya matsa sau hamsin. Aka tayar, ya matsa, hannun ya tafi har roba.  Da ya ɗago sai ya ce, "Susan, na zalunce ki. Ki yafe mini." Amma ya ƙara da cewa tsoronsa bai tafi ba. Roba na iya tsinkewa, mutum na iya mantawa, kuma babu bakanike a ƙetare. In abin ya sake faruwa wa zai gyara mata?

"Ita," in ji Baba.

Oga ya yi murmushi irin na wanda ba ya son musu da dattijo. Ya ce maganar ƙarshen wata na nan.

Larabar ƙarshe ta watan injin Tamada ya ƙi tashi, Susan ta shiga wani jirgin. Ta ɗaure robarta da hannunta, ta koma gaba ta zauna rungume da akwatin rigakafi. A tsakiyar ruwa bakin buhun wani fasinja ya kwance, ya duba ya ga roba a banza a jikin babur, ya warware ya ɗaure buhunsa. Bai yi da mugunta ba, shi dai ya ga roba. Da aka sauke ta matsa hannun. Luɓus.

Jirgi ya juya. Rana ta fara zafi, ƙanƙarar akwati ba ta jiran kowa, mata na can Tungar Lelle da jarirai a baya. In ta koma, ta tabbatar wa Oga maganarsa. In ta hau haka da birkin baya kaɗai, gangaren nan ya riga ya nuna mata sau biyu abin da zai yi. Tsoro ya kama ta sosai, amma sifana da mai da robar ƙarin ruwa na cikin jakarta, tun ranar da ta koya ba ta rabuwa da su. Ba kowa a gaɓar sai Hasiya mai bandar kifi, dattijuwar da ba ta taɓa riƙe kan babur ba. Susan ta ce, "Inna, taimake ni da hannunki." Hasiya ta goge hannu a zani ta zo.

Hasiyar ce ta ba da labarin daga baya, kuma ta fi kowa iya ba da shi. Ta ce yarinyar nan ta shimfiɗa ɗankwali ta jera kaya kamar za ta karɓi haihuwa. Tana cewa matsa, riƙe, kada ki saki Inna, don girman Allah kada ki saki. Sau ɗaya Hasiya ta saki da wuri, aka koma baya, Susan ta cije leɓe ta sake farawa. Hasiya ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai ƙwayoyin nan ne, tana ta tambaya daga ina suke fitowa, wa ya zuba su. Suka yi ta yi har robar ta koma mai zalla. Susan ta matsa, ya tsaya. Ta tura ta kama sau uku. Ta ɗaure akwati ta hau, Hasiya ta bi ta da ido har ta haye tudu.

Ta sauka gangaren Tungar Lelle a hankali, yatsu biyu a kan birki, ta tsaya cak taku goma kafin rafi. Yara talatin da ɗaya aka yi wa allura ranar, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba.

Da yamma ta biya rumfa tana ba da labari numfashi sama-sama. Kuna tsammanin Baba ya ce sannu, ko ya ce madalla? Ina! Cewa ya yi, "Zagaye nawa kunka yi? Ƙwayoyin manya ne ko ƙanana?" Sai da ta amsa duka sannan ya juya baya yana goge sifanar da ba ta da datti, ya daɗe yana gogewa. Washegari Oga Hammadu ya ji daga bakin mai jirgi da bakin Hasiya da ta ƙetaro sayar da kifi. Bai karɓi makulli ba, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Bana Baba Ɗahiru ya rufe akwatinsa. Idanu ne. Tun bara yake kai robar har kan hancinsa yana ƙifce-ƙifce, ya ƙi gaya wa kowa. Kunne na nan, hannu na nan, amma ƙwayar iska a cikin roba ta fi ƙarfin ganinsa, shi kuwa ba zai ce wa mutum hau ka tafi a kan abin da bai gani ba. Ranarsa ta ƙarshe wani malamin makaranta daga Wara ya kawo babur. Baba ya zaunar da shi a kan dutsen, ya ba shi sirinji ya danna, aka fara. Da aka zo wajen dubawa ya ɗaga robar yana ƙifta ido. Susan na gefe, ta zo yi masa sallama. Ba ta jira ya roƙa ba, ta tsuguna kusa da shi.

"Akwai saura, Baba. Ƙanana biyu."

"A sake."

Aka sake.

"Sun ƙare."

"Kin tabbata, ɗiyata?"

"Na tabbata."

"To a rufe."

Baba Ɗahiru, kai ne ka ji maganar da kowa ya ƙaryata ka ce bari mu je mu gani. Kai ne ka shiga abin da ka fi tsoro a duniya saboda birkin wata da ba 'yarka ba, ba ku haɗa gari ba, ba ku haɗa wurin ibada ba. Ka ƙi riƙe sana'arka a cikin akwati, ka zuba ta a hannun duk wanda ya yarda ya zauna a kan dutsen nan, malamai da masunta da 'yan acaban da suka sa maka suna. Mun yi ta ƙorafin tambayoyinka, yau muna kewarsu, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Akwai yara a ƙetare da ke gudu a bakin ruwa lafiya lau, ba su taɓa jin sunanka ba. Mun gode a madadinsu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idanun nan sauƙi, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu sana'a, in an kawo muku abin da ba ku gane ba, kada ku ɗaure noti biyu ku ce an gyara. Ku tambaya, in ta kama ku tashi ku je inda abin yake faruwa. Abin da kuka sani ku sa wani ya yi da hannunsa a gabanku. Mai babur kuma, gobe kafin ka tayar, matsa hannun birkinka. In ka ji laushi kada ka ce ruwa ne, kada ka ce zai gyaru a hanya. Sauka ka duba.

Darbejiyar na nan, dutsen na nan, mai koko ta ja bencinta zuwa inda keken ke jingina. A tashar kuwa yanzu ba mai jirgin da zai kwantar da babur mai faifai sai ya ga hannun a ɗaure, Tamada har damin yankakken tif yake ratayewa kusa da inji. Sababbin fasinjoji na ɗauka al'adar masu jirgi ce tun kaka da kakanni. Yau ma Laraba ce. Da hantsi jirgin ya bar gaɓa, Susan na gaba da akwati a cinya, babur na kwance a tsakiya, hannun birkinsa naɗe da roba biyu.